Injin feshi ba ya mantuwa: me ya sa ɗauraya ɗaya ba ta isa ba?

A watan Nuwamban da ya wuce kawuna ya kira ni daga lambunsa da ke wajen Auyo, muryarsa duk ta canja. Ya ce, "Kai ɗan nan, kai da ka yi karatun ƙwayoyin nan, zo ka duba mini tumatirin nan, ciwo ya shige shi." Da na je, na tarar ganyen ya nannaɗe, kan reshen ya murɗe kamar an kama shi da hannu an juya, sababbin ganyayyakin kuma sun fito sirara. Shi a nasa lissafin cutar nannaɗe ganye ce wadda farin ƙuda ke kawowa, har ya aika a sayo wani maganin zai ƙara fesawa.

Na ce, "Kawu, a ɗan dakata tukuna, ka nuna mini inda ka fara feshi ranar." Ya nuna. Komayen da tankin farko ya rufe su ne suka fi lalacewa. Waɗanda tanki na biyu ya samu sun ɗan taɓu. Na uku kuwa lafiyarsu ƙalau, kuma iyakar ɓarnar a miƙe take kamar an ja layi. Cuta ba ta bin layi haka, tsalli-tsalli take yi a cikin gona. Sai na tambaye shi me aka fesa da injin kafin wannan. Ya yi shiru, can ya ce da damina yaronsa ya fesa maganin ciyawa a shinkafa, amma ai ya ɗauraye kafin ya rataye.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wannan ɗaurayar guda ɗaya ita ta ci wa Kawu kusan kashi ɗaya cikin uku na dashensa, bayan kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa. Shi ya sa yau za mu duba wannan injin da kusan kowane gidan manomi a ƙasar Haɗeja yake da shi, mu ga abin da ke faruwa a cikinsa bayan an gama aiki.

Yadda injin yake aiki

Injin feshi na goyo ya daɗe a duniya. A Faransa ya bunƙasa cikin shekarun 1880, lokacin da wata cutar ganye ta addabi gonakin inabi. Wani masanin tsirrai, Millardet, ya fito da haɗin magani a 1885, masu ƙira irin su Victor Vermorel kuma suka ƙera injin da mutum zai goya ya fesa shi. Tsarin bai canja sosai ba har yau, illa roba ta maye gurbin tagulla.

Idan ka danna hannun famfon, kana tura ruwan magani ne cikin wani ɗan ɗaki mai iska. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka iskar da ka takura ita ce ke ci gaba da tura ruwan ko da ka ɗaga hannu. Daga nan ruwan zai bi tiyo, ya wuce madannin da ke hannunka, ya bi sandar, ya fita ta wani ɗan ƙanƙanin rami a kan feshi, wanda wasu ke kira nozul. A wannan ramin ne ruwan ke tarwatsewa ya zama ɗigo-ɗigo. A hanya akwai rariya a bakin tanki, sau da yawa akwai wata a cikin madanni, wata kuma a bayan nozul.

Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare suna riƙe ruwa. Ko ka fesa har injin ya fara fitar da iska zalla, akwai sauran magani a gindin tanki, da cikin ɗakin iska, da tiyo, da sanda. Idan ka zuba ruwa a tanki ka girgiza ka tuntsurar, tankin kawai ka ɗauraye. Abin da ke cikin famfo da tiyo yana nan bai ma san an yi ba.

Me ya sa ɗan kaɗan ke yin ɓarna haka?

Maganin da aka fesa wa shinkafar Kawu 2,4-D ne, wanda ake amfani da shi a duniya tun shekarun 1940. Yadda yake kashe ciyawa abin mamaki ne. Kowane tsiro yana da wani sinadari a jikinsa da ke ba shi umarnin girma, ana kiran sa oksin. To 2,4-D kwaikwayon wannan sinadarin yake yi. Idan ya shiga tsiro mai faɗin ganye, sai tsiron ya kama girma ba kai ba gindi, wani gefen reshe ya fi wani tsawo, ya murɗe, hanyoyin abinci su toshe. Dangin ciyawa kamar shinkafa da alkama da dawa suna iya jure shi, shi ya sa ake fesa shi a cikinsu. Tumatir da tattasai da attarugu da kankana da wake da auduga kuwa ba sa jurewa. Tunda kuma aikinsa irin na saƙo ne, ba ya bukatar yawa. Tumatir da auduga suna nuna alama da ragowar da idonka ba zai gani ba, hancinka ma ba zai ji ba.

Ƙari a kan haka, wannan magani yana manne wa jikin roba, musamman tiyo da tsohon tankin da cikinsa ya yi kaushi. Idan ya bushe a ciki, sai ya zauna wata da watanni. Yawancin magungunan ƙwari na kwalba, irin waɗanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, an narkar da su ne a cikin wani mai. Wannan man yana da ƙarfin ɓamɓaro abin da ruwa zalla ya kasa. Ka ga kenan maganin ƙwarin Kawu shi ya wanke injin da kyau, sai dai a kan tumatirinsa ya zubar da wankin. Shi ya sa tankin farko ya fi ɓarna, na uku bai yi komai ba.

Lissafin ɗauraya uku

A jikin kwalaben magani da littattafan malaman gona za ka ga ana cewa a ɗauraye sau uku. Mutane da yawa suna ɗauka tsanani ne kawai, ai cika tanki da ruwa sau ɗaya ya fi. Bari mu lissafa.

Mu ƙaddara mil 100 na haɗin magani ya rage a cikin injin, kai kuma kana da ruwa lita 6. Idan ka juye duka lita 6 a lokaci guda, maganin ya tsinke zuwa kashi 1 cikin 61 na ƙarfinsa. Ka zubar, amma mil 100 ɗin da ke maƙalewa zai sake maƙalewa, da wannan ƙarfin.

Yanzu raba ruwan uku, lita 2 kowane. Ɗaurayar farko ta mayar da shi kashi 1 cikin 21. Ta biyu ta sake raba wannan gida 21, ya zama 1 cikin 441. Ta uku ta kai shi 1 cikin 9,261. Ruwan bai ƙaru ba, lita 6 ne dai, amma tsabtar ta ninka ta ɗauraya ɗaya kusan sau 150. Sharaɗin kawai shi ne kowane zagaye ka bi da ruwan ta famfo da tiyo da sanda, kuma ka zubar da shi tas kafin ka zuba na gaba.

Yadda ake wankin

A yi wankin ranar da aka yi feshi, tun magani bai bushe ba, kuma kafin a cire safar hannu da takalmin roba.

Da farko a ƙarar da haɗin a gonar da aka haɗa shi dominta. Kada a kwana da magani a tanki. Na gari yana kwantawa a ƙasa ya daskare, na ruwa kuma wani yana rasa ƙarfi.

Sai a zuba ruwa mai tsabta kamar lita 2, a rufe, a girgiza ta kowane gefe har murfi, a buga famfo a fesar da shi duka. A maimaita sau uku.

Idan maganin ciyawa aka fesa, a ƙara da ruwan omo. A zuba, a girgiza, a fesa kaɗan don tiyo ya cika, a bar sauran ya kwana a ciki, da safe a fesar a ɗauraye sau biyu. Ga 2,4-D, ruwan amoniya na wanke-wanke ya fi aiki in an samu, kimanin mil 10 a kowace lita ta ruwa, shi ma a bar shi ya kwana. Amma a kiyaye: kada a taɓa haɗa amoniya da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Daga nan a kwance nozul da rariyoyin, a jiƙa su a wani kwano da aka ware don wannan aikin kaɗai, a goge da tsohon buroshin goge baki. A wanke bayan tankin da igiyoyin goyo, domin igiya tana shan magani kuma ita ke kwanciya a kafaɗarka. A ƙarshe a saki sauran iskar da ke ciki, a kife tankin a inuwa da murfi a buɗe ya bushe.

Gaskiyar magana kuma, ko an yi duk wannan, 2,4-D ba shi da amana. Wanda ke noman shinkafa kuma yana lambu, abin da ya fi masa shi ne inji biyu, a shafa wa na ciyawa jan fenti kowa ya gane shi. Kuɗin inji ɗaya bai kai asarar kwandunan tumatir ba. In kuma aro aka zo yi, a tambayi abin da za a fesa, in an dawo da shi a wanke kamar ba a wanke ba.

Kan feshi: ɗan ramin da ke cin kuɗi

Idan nozul ya toshe a tsakiyar aiki, abu biyu aka saba yi: a hura da baki, ko a tsokale da allura ko waya. Na farko shan guba ne kai tsaye. Na biyu kuma garin neman gira ne a rasa ido.

An ƙera ramin nozul da awo. Yawan ruwan da ke fita ya dogara da faɗin filin ramin, shi kuma filin da'ira yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki. Idan allura ta buɗa ramin da kashi 10 cikin 100, ruwan da ke fita zai ƙaru da kusan kashi 21. Wato gonar da tanki biyar ke isa, yanzu sai ta ci shida. Kuma ramin ba zai buɗe daidai ba, don haka wani wuri ya sha magani har ya ƙone, wani wuri ciyawa ta tsira. Ko ba a tsokala ba nozul yana cinyewa da kansa, musamman da maganin gari ko ruwa mai yashi, kuma na tagulla ya fi saurin cinyewa.

Gwajin ba shi da wuya. Ranar da ka sayi sabon nozul, zuba ruwa zalla a tanki, ka riƙa buga famfo da saurin da ka saba, ka tari ruwan a gora mai awo na minti ɗaya. Yi sau uku ka rubuta. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake. Idan sabo yana ba da lita 1, yanzu kuma ya wuce lita 1.1, lokacin canji ya yi. Ka riƙa tafiya gona da nozul na biyu a aljihu da ɗan buroshi, in ɗaya ya toshe ka musanya.

Wasu kuma in sun ga feshi ya yi rauni sai su ƙara ƙarfin bugu. A kimiyyance, kafin ruwan ya ninka biyu sai matsin ya ninka huɗu. Abin da ƙarin matsi ke yi sosai shi ne ƙanƙanta ɗigon, ya zama kamar hazo, iskar hunturu ta kwashe shi zuwa lambun maƙwabci ko fuskarka. Raunin feshi yawanci rariya ce ta toshe ko roba ta mutu, can ya kamata a duba. A kuma tuna nozul iri-iri ne: mai fitar da ruwa a baje kamar mafici shi ne na ciyawa, mai fitarwa a zagaye da ƙananan ɗigo shi ne na ƙwari da cutar ganye.

Ruwan da muke ɗiba

A fadama abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗebi ruwan kanal ko na kogi a haɗa magani. Da damina ruwan nan ja yake da laka. Yashin cikinsa yana toshe rariya yana cin famfo, wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika sani ba shi ne laka tana kashe ƙarfin wasu magunguna. Gilaifoset, sinadarin da ke cikin Roundup da ire-irensa, da farakwat na cikin Gramoxone, duk suna manne wa ƙwayoyin yumɓu da zarar sun haɗu. Wanda ya manne kuwa ba zai shiga ganye ba. Sai manomi ya fesa ciyawa ta ƙi mutuwa, ya ce maganin jabu ne, ya ƙara yawa. Wani lokacin maganin lafiya lau yake, ruwan ne ya cinye shi tun a tanki.

Maganin wannan shi ne a tara ruwan a duro tun dare ya kwanta, a ɗebi na sama, a tace da ƙyalle, a zuba ta rariyar bakin tanki. Ruwan rijiyar burtsatse in yana kusa ya fi. Kuma a ɗiba da bokiti mai tsabta a yi nesa da gaɓa kafin a haɗa, kada a tsoma tankin ko kwalbar magani a kanal.

Ina ruwan wankin zai tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta shafi har wanda bai taɓa riƙe injin feshi ba. Kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 ke sarrafa ruwansa, ba a gonar kowa yake tsayawa ba. Daga Auyo ya wuce Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Kirikasamma da Guri har Nguru, ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. A wannan dausayin ne Baturiya take, wadda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk hunturu. Daga ruwan nan masunta ke kamo kifin da ake kai wa kasuwar kifi ta Haɗeja, a nan makiyaya ke shayar da dabbobi, yara kuma suna wanka.

Magungunan ƙwari irin su saifametirin da lamda, wanda ke cikin Karate, guba ce mai tsanani ga kifi ko da a ɗan ƙanƙanin adadi, domin kifi yana shaƙar su ta hanyar numfashinsa kuma jikinsa ba ya saurin narkar da su. A inda kachala ta toshe hanya ruwa ya tsaya, abin da aka zuba ba ya saurin gushewa. Don haka ruwan ɗauraya a fesa shi a gonar da aka gama fesawa, a baza shi, ko a wani fili da ba a noma, nesa da kanal da rijiya da mashaya.

Kwalbar magani ma haka. Tun lokacin haɗawa a ɗauraye ta sau uku a juye cikin tanki, ka ga ba ka yi asarar ko ɗigo ba. Sannan a huda ta. Kwalbar da ba a huda ba, gobe za ka gan ta an zuba manja ko an mai da ita buta.

Yoyo, robobi da ajiya

Injin da ke yoyo ta murfi ko ta gindin tiyo yana jiƙa bayan mai feshi awa da awanni, ga zafi ga gumi, fata kuma tana shan magani. Dangin fiya-fiya suna hana wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya yin aikinsa, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa. Alamominsa su ne ciwon kai, jiri, yawan miyau da gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. Wanda ya ga haka a cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin. Madara da manja ba sa karya wannan guba, kuma kada a sa shi amai da gangan. Farakwat kuwa ba shi da makari, kuma an haramta shi a Tarayyar Turai tun 2007.

Kafin kowane aiki a gwada injin da ruwa zalla. A buga famfo a saki hannu, a duba ko'ina. Robar da ta tsage ko ta kumbura a canja ta, ɗaurin leda ba ya riƙe matsi. Kada a wanke injin da fetur ko kananzir, suna kumbura robobi. A ɗan shafa wa robar famfo man da takardar injin ta ambata don kada ta bushe. Rana kuma tana cin robar tanki har ya yi fari ya fara tsagewa, don haka a ajiye shi a inuwa, nesa da rumbu da inda yara ke wasa. Mai inji na batir ya yi masa caji bayan kowane aiki, in an ajiye kuma a riƙa waiwayarsa duk wata, domin irin batirin da ke cikin yawancinsu yana mutuwa in ya daɗe babu caji.

Masu fenti ma abin ya shafe su

Injin feshin fenti da masu walda ke fesa ƙofofi da tagogi da shi, ko wanda mutum ya saya don aikin gida, ƙa'idar ɗaya ce, sai dai shi lokacinsa ya fi ƙurewa. Fentin ruwa ƙananan ƙwayoyin roba ne ke yawo cikin ruwa. Da ruwan ya bushe sai su manne da juna, kuma ruwa ba zai sake raba su ba. Fentin mai kuma haɗuwa yake da iskar da muke shaƙa ya ƙulle ya taurare, in ya kai nan ko tina da ƙyar take taɓa shi. Saboda haka da an gama a wanke, na ruwa da ruwa da sabulu, na mai da tina, a fesa har abin da ke fita ya fito garau, a kwance kan a goge da buroshi. A yi a fili, nesa da wuta da tartsatsin walda. Tinar da aka yi wanki da ita a zuba a gwangwani mai murfi, dattin zai kwanta a sake amfani da na sama, kada a zuba a kwata.

Shi dai Kawu bai sake fesa komai ba a makon nan. Komayen tanki na biyu sun farfaɗo da ban ruwa, sababbin ganye suka fito daidai, ko da yake sun makara wajen fure. Na farko kuwa sai da aka tuge aka sake dashe. Ranar kasuwa ya sayo inji na biyu, ya sa yaron ya shafa wa tsohon jan fenti. Da na koma na ga har ya ɗaura gora mai awo a jikin bukkar lambun, ya ce mini, "To malam, sai ka zo ka nuna wa yaran nan lissafin naka na sau uku, ni sun ƙi yarda da ni."

Mai karatu, in akwai injin feshi a rataye a gidanku, yau ka sauko da shi ka tambayi abin da aka fesa da shi na ƙarshe. Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka.